Motar yankan ciyawa mai buhu a baya, abin da na gani bayan damina guda

Jama'a salamu alaikum. Ni ke kula da wani gidan baƙi nan Damagaram, muna da fili mai ɗan girma da foraji, to maigida ya sayo mana motar yankan ciyawa wadda aka taɓa aiki da ita daga Kano, irin wadda ake hawa kamar ƙaramar tarakta, da buhu a baya mai cin kusan lita 300. Inji kam ba laifi wlh, buga ɗaya take tashi, esans ma ba ta sha kamar yadda na zata. Kujera ce dai da rana sai ka shimfiɗa tsumma.

Inda muka sha fama shi ne ƙarar nan pii pii da take yi in buhu ya cika. Cikin watan Agusta da ciyawa ta yi lif, ko zagaye biyu ban yi ba sai ta fara ihu, in sauka in ɗaga buhu in tarar ko rabi bai kai ba. Har na ce a cire wayar mu huta. Wani makanike da ke gyaran janareta wajen kasuwar Dole shi ya hana ni, ya ce "haba yaya, ka cire ta ranar da maƙogwaron ya toshe da hannu za ka yi ta yakuto ciyawa." Maƙogwaron da yake nufi shi ne bututun da ciyawa ke bi ta shiga buhu. Ya cire buhun ya nuna min, ashe daidai bakin da ciyawa ke fitowa akwai wani ɗan harshe na roba, bayansa ɗan makunni ne, in ciyawa ta taru ta danne harshen sai ƙarar ta tashi, shi ke nan fa ba wata kwamfuta. Kuma harshen ana zuge shi ciki ko waje. Ɗanyar ciyawa mai nauyi ka tura shi ciki ya gajarce don kar ya yi saurin dannuwa, busasshiya marar nauyi ka jawo shi ya yi tsawo. Namu wanda ya sayar a jawe waje can ƙarshe ya bar shi. Muka mayar tsakiya, na yanka layi uku na duba, na ƙara turawa kaɗan, sai ga buhu na cika dam kafin ta yi kuka.

Amma fa ku kashe inji ku zare makulli kafin ku sa hannu wajen, wuƙaƙen nan ba su san mai su ba.

Da aka shiga Oktoba sai labari ya juye, ciyawa ta bushe ba nauyi, ƙarar ta yi gum, ni ina ta tuƙi ina jin daɗi ashe buhu ya cika har maƙogwaro ya cushe, sai da na waiga na ga ciyawa zube a bayana. Dole na sake jawo harshen waje. Sannan ga ƙaya, ƙarangiya da ƙura suna liƙe ragar buhun, in iska ba ta samu wajen fita ba ciyawar ba ta isa ƙuryar buhu, a baki take taruwa ta danne harshen ƙarar ta yi maka ƙarya. Yanzu duk Juma'a ina kakkaɓe ragar da buroshi in hura makunnin, don rairayin garin nan har shi yake sa ya maƙale.

Abin da ban so ba, ƙarar ba ta da ƙarfi, ga rugugin inji, in kana da rawani ko abin toshe kunne sai ta wuce ka. In ka tsayar da wuƙaƙe kuma take yin shiru, kar ka ce ta lalace. Kayan gyara kuwa nan babu, bel ɗaya sai da muka jira direban Kano kwana 9.

Mai babban fili da ruwa ya saya, mai ɗan tsakar gida lauje ya ishe shi. Ciyawar da nake juyewa ma maƙwabcinmu mai kiwon raguna tun da safe yake aiko yaro da amalanke.