Daga Kambirij: kwamfutocin da suka haura shekara arba'in suna nan da kwansonsu

Jama'ar gida, akwai wani gidan tarihi a Kambirij ta Ingila mai suna Centre for Computing History, inda aka jera tsofaffin kwamfutocin gida a kan tebura, a kunne, kowa ya zo ya zauna ya latsa. Babu gilashi, babu mai daka maka tsawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne roba. Na'urar 1982 ce a gabanka, amma murfinta bai tsage ba, kusoshinta a cike, har tambarinta bai goge ba.

Wadda ta fi ɗaukar ido ita ce ZX Spectrum ta kamfanin Sinclair, wadda Rick Dickinson ya zana. Baƙa ce, faɗinta santimita 23 kacal, da ratsin ja, rawaya, kore da shuɗi a kusurwar dama. Madannanta 40 na roba ne mai taushi, kamar abin goge fensir. A gaskiya ta fi sauran kyau, amma kyan ɗan maciji ne. Ba ta ma da makunni, sai dai ka zare waya. A ƙarƙashin robar akwai wata siririyar leda mai wutsiya biyu, ɗaya mai layi 5, ɗaya mai 8, kuma zafin cikin na'urar kan busar da su har su karye, sai ka ga madannai jeri guda sun mutu. Kusoshi biyar ake kwancewa ta ƙasa, a ɗaga murfin a hankali. Farantin ƙarfen da ke samanta kuwa da gam aka manna shi. Wanda ya ɓamɓare shi da wuƙa ya lanƙwasa shi ke nan har abada. Masu gyaran nan sai sun ɗumama shi da na'urar busar da gashi tukuna.

Kusa da ita ga BBC Micro ta kamfanin Acorn, ta 1981, wadda aka cika makarantun Ingila da ita. Ƙatuwa, ruwan madara, da jajayen madannai goma a sama. Kana ganinta ka san an yi ta ne don hannun yara marasa ji. Kusoshi huɗu ne ke riƙe da murfin, har an rubuta FIX a gefensu don kada mai gyara ya yi lalube. Cutarta ɗaya sananniya: kafasitocin kamfanin RIFA, wasu ƙananan kayan lantarki na ɓangaren wuta, waɗanda in sun tsufa sukan fashe, hayaƙi mai wari ya turnuƙe ɗaki. Shi ya sa ake canza su kafin a jona ta.

Commodore 64 ta Amurka ba ta da wani fasali, ruwan ƙasa-ƙasa, kumburarriya, har Turawa na kiranta mazubin burodi. Kusoshi uku ne a gaba, baya kuma ƙananan haƙoran roba ne, su ake fara karyawa. Amstrad CPC 464 ta 1984 doguwa ce sambal, da na'urar kaset a jikinta da madannai kore da ja da shuɗi. Tana tuna wa mutum rikodar kaset ta shagon mai shayi, kuma bel ɗinta ma haka yake narkewa ya zama kwalta.

To a nan takaicin yake. Masu gyaranmu na Farm Centre a Kano, a wajen gano cuta da kama waya da dalma, ba na jin na nan sun fi su. Amma kwanso ba ya gabanmu. A buɗe da bakin wuƙa, a karya haƙora, kusa biyu su ɓace, a ɗaure da salatif, a ce ai tana yi. In ta daina yi, 'yan gwangwan na bakin ƙofa da sikelinsu. Rediyon National na kakanninmu nawa suka rage da murfin batirinsu?

Su nan har launi suke jinya. Farar robar takan koma rawaya saboda hasken rana da zafi. Sai a cire komai daga ciki, a wanke kwanson, a shafa masa man haidurojin ferokzaid mai ƙarfin kashi 12, a naɗe da leda, a shanya, ana juyawa ana sake shafawa. In man ya bushe a wuri ɗaya, robar ta yi dabbare-dabbare, kuma bayan wasu shekaru rawayar kan dawo. Abin dariya, ranar da aikin ke buƙata ita ce ba su da ita. Mutum ya yi mako yana leƙen taga, ko ya sayi fitila ta musamman, alhali ranar Azare ta wata Talata ɗaya ta ishi kwanso goma.