Jirgin Ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Ma'aunin Muhalli

Tun daga ranar 26 ga Yulin 2016, lokacin da marigayi shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da layin dogon da ya haɗa tashar Idu a Abuja da ta Rigasa a Kaduna, yawancin masu yaba wa jirgin nan suna yabonsa ne saboda tsaro da hutun jiki, masu kushe shi kuma suna magana ne a kan tikiti da lokaci. Ba kasafai ake jin wanda ya auna shi ta fuskar hayaƙin da yake rage mana ba, alhali kuwa sufuri ne ke fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da ƙona makamashi ke haifarwa a duniya, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na wannan kason daga motocin kan titi yake fitowa.

Tsawon layin kilomita 186 ne, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa shi da rancen da aka karɓo daga can, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya kuma ita ke gudanar da shi. Tafiyar takan ɗauki awa biyu da ɗoriya. Taragun suna da na'urar sanyaya iska, kowace kujera da lambarta, kuma akwai taragon gama-gari da na masu hali. Tun 2021 ake sayen tikiti ta intanet, yanzu kuma sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Wanda ya saba da matsatsin motar haya zai ga bambanci nan take, domin mutum yana iya miƙe ƙafa, ya yi karatu, ya tashi ya zaga, ba tare da fargabar ramukan hanya ko tirelar da ke tahowa a guje ba.

Lissafin hayaƙin ba shi da wuya. Kowace litar fetur idan ta ƙone takan fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon. Motar da ke cin kilomita goma da lita ɗaya za ta sha kusan lita 19 tsakanin biranen biyu, wato kimanin kilo 44 ke nan. Idan mutum ɗaya ne a cikinta, duk nauyin a wuyansa yake. Idan kuwa Sharon ce ko Golf ta haya da aka cika da fasinjoji shida, kowannensu bai wuce kilo bakwai da ɗan wani abu ba. Wannan ya nuna cewa talakan da ke shiga mota a Kawo ko Mando, a matse shi har Zuba, ba shi ne babban mai gurɓata iska ba, ko da yake ba don ƙaunar muhalli yake jure matsin ba. A ganina, amfanin jirgin na gaskiya yana wajen waɗanda ya janye daga titi: ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai tuƙa motarsa shi kaɗai duk Juma'a ya dawo Litinin, da manyan mutane masu tafiya da jif biyu ko uku har da 'yan rakiya. Duk kujerar da irin wannan mutum ya zauna a kai, mota guda ce ta kwana a gareji.

Sai dai kada a ɗauka jirgin ba ya hayaƙi. Kan jirgin da man dizal yake aiki, kuma litar dizal ta fi ta fetur nauyin kabon, domin takan kai kimanin kilo 2.7. Abin da ke ba shi galaba shi ne ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta cin ƙarfi kamar tayar roba a kan kwalta, sannan inji ɗaya ke jan ɗaruruwan mutane. Saboda haka ribar tana ƙaruwa ne gwargwadon cikar taragun. Wasu kan ce me ya hana a sa masa lantarki, kamar layin Addis Ababa zuwa Jibuti ko layin Blue Line na Legas da ya fara aiki a 2023. Fata ce mai kyau, amma ƙasar da wutar da take rabawa ke yawo tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, kuma babban layin wutarta ke yawan faɗuwa, sai ta fara tanadar wa jirgin wutarsa ta musamman kafin a yi wannan magana.

Inda jirgin ya fi rauni shi ne nisan tashoshinsa. Rigasa tana can gefen yammacin Kaduna, Idu kuma tana unguwar masana'antu, nesa da inda yawancin mutane ke zaune ko aiki. Fasinja zai sauka daga jirgin da ya ɗauko jama'a masu yawa da inji ɗaya, sai kowa ya watse cikin tasi, Keke Napep ko motar gida da ta zo ɗaukarsa, wadda ta zo babu kowa, ta kuma sha cunkoso kafin ta iso. Wani kaso na hayaƙin da aka tsimi a hanya a nan yake komawa sama, haka ma kuɗin aljihu, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Ɓangaren Abuja ya ɗan fi dama, domin akwai tashar Kubwa mai amfani ga mazauna Kubwa, Dutse da Bwari, kuma jirgin cikin gari da aka farfaɗo da shi a 2024 yana bi ta Idu zuwa filin jirgin sama da tsakiyar birni. Kaduna ce ke da buƙatar manyan motocin safa masu jiran saukar kowane jirgi.

Akwai kuma batun dogaro. Harin da aka kai wa jirgin a ranar 28 ga Maris 2022, wanda ya yi sanadin rasa rayuka da sace fasinjoji da dama, ya sa an dakatar da zirga-zirga har zuwa 5 ga Disamba na wannan shekarar, kuma a tsawon watannin nan dole kowa ya koma titi. Mutum ba ya ajiye motarsa don jirgin da bai tabbata zai samu ba, kuma tun da tashin jirgin a rana ba shi da yawa, kujerun ƙarshen mako sukan ƙare da wuri. Haka nan fasinja kawai layin ya fi ɗauka, alhali tireloli da tankokin mai, waɗanda suka fi kowa baƙin hayaƙi da farfasa kwalta, suna nan a kan hanya. Sai an kammala layin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, kafin a yi maganar sauke kaya daga titi da gaske.

Ga mai tafiya shi kaɗai a motarsa, ina ba da shawarar jirgin ba tare da wani ɗar-ɗar ba, domin ya fi sauƙin hayaƙi, ya kuma fi hutu. Ga iyalin da za su cika motarsu taf, ko wanda gidansa ke kusa da tashar mota, bambancin bai kai yadda ake zato ba. Wanda zai hau ya sayi tikitinsa tun da wuri, ya duba ko Kubwa ta fi masa Idu kusa, sannan ya nemi abokan tafiya da za su haɗa kuɗin mota ɗaya daga Rigasa zuwa cikin gari.