Ɗamarar ƙirji ga karen da ake koya wa zafin nama: wacce za a saya, wacce za a bari

Wanda ya kafa turaku a gona bayan an kwashe amfani, yana koya wa karensa tsallake sanda, kutsawa cikin bututu da zagaye turaku, ba ya jimawa yake gane cewa igiyar wuya ba ta wannan aikin ba ce. Kare ya zabura da gudu, igiya ta ƙare, nauyinsa gaba ɗaya ya sauka a maƙogwaro. Sai tari da kakari, bayan kwana biyu kuma ka ga yana noƙewa duk sanda aka kira shi da gudu, don ya haɗa zabura da shaƙewa. Ɗamarar ƙirji tana ɗauke wannan nauyin daga wuya ta mayar da shi kan ƙirji da haƙarƙari. Sai dai ɗamara iri-iri ce, kuma wadda ta fi ɗaukar ido a hoto ba lallai ta zama ita ce ta aiki ba.

Kafin zancen saye, a fara sanin inda ɗamarar take da amfani. Wasan zafin nama na karnuka, wanda ake kira ajiliti, an fara nuna shi ne a taron baje kolin karnuka na Crufts a Ingila a 1978. A ƙa'idar FCI, hukumar harkokin karnuka ta duniya mai hedikwata a Beljiyam, kare yana shiga filin gasa ne ba komai a jikinsa, ko abin wuya babu, kuma sai ya cika wata 18. Dalili shi ne duk abin da ke jikin kare yana iya maƙalewa a bakin bututu, a tayar da yake tsallakawa ta cikinta ko a tsakanin turaku 12 da yake zagayewa, masu tazarar santimita 60 kacal. Saboda haka aikin ɗamara riƙewa ne da saki: a riƙe kare ta baya yayin da mai shi ya ruga yana kiransa, a sake shi ya fita kamar kibiya, a ɗaura masa doguwar igiya ta mita 5 zuwa 10 lokacin da bai gama jin kira ba, a kai shi fili a dawo da shi. Da zarar an zo kan bututu, taya ko turaku, a tuɓe ta. Wanda ya yi bututunsa da gangar da aka fasa gindinta ya fi kowa bukatar jin wannan, don bakin ƙarfe ba ya sakin abin da ya kama.

Abin da ke raba ɗamara mai kyau da marar kyau yana kafaɗa. Ƙafafun gaba na kare ba su da ƙashin da ya haɗa su da gangar jiki kamar yadda ƙashin wuyan mutum ya riƙe kafaɗarsa. Tsoka ce kawai ke riƙe da allon kafaɗa, yana zamewa gaba da baya a kan haƙarƙari duk takun da kare ya yi. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin kare yana kan ƙafafun gaba ko a tsaye yake, balle in ya diro daga tsalle. Ɗora tafin hannunka a kafaɗarsa, wani ya ɗaga ƙafar ya miƙa ta gaba a hankali, za ka ji allon yana tafiya a ƙarƙashin hannunka. Duk maɗaurin da ya kwanta a kan wannan hanyar yana rage masa tsawon taku.

Wadda ta fi dacewa da wannan horon ita ce mai gwafa, wadda in ka tsaya gaban kare za ka ga ta yi siffar harafin Y. Maɗaurai biyu sun sauko daga doron wuya ta gefe da gefe, sun haɗu daidai kan ƙashin ƙirji, ɗaya ya wuce ta tsakanin ƙafafu ya tarar da majayin da ya zagaye haƙarƙari. In kare ya ja, ƙashin ƙirji ne ke karɓar nauyin, kafaɗa na gefe a sake. Matsalolinta biyu ne, kuma duka daga awo suke. In zagayen wuya ya yi ƙanƙanta, bakin gwafar yana hawa ya danne maƙogwaro, an koma gidan jiya ke nan. In ya yi girma, rassan gwafar suna zamewa gefe su kwanta kan gaɓar kafaɗar da ake ƙoƙarin kaucewa. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin dabbobi ta Veterinary Record ya nuna cewa ko mai gwafar tana rage miƙewar kafaɗa in aka kwatanta da karen da ba ya sanye da komai. Wannan ma ƙarin hujja ce ta tuɓe ta lokacin gudu.

Sai mai gindaya, wadda maɗauri ɗaya ya ratsa gaban ƙirji a kwance daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Irinta mai sirdi a baya da mariƙi babba, wadda kamfanin Julius-K9 na ƙasar Hungari ya yi suna da ita, ita ce ta cika shagunan intanet, ta asali da kwaikwayonta. Gaskiya tana da abin yabo: cikin daƙiƙa biyu an zura ta ta kai an ɓalla maɓalli ɗaya, kuma mariƙin yana da daɗin kamawa. Ga karen gadi da ake zagayawa da shi, ba laifi. Ga mai koyon tsalle kuwa, maɗaurin nan ya gindaya ne daidai inda ƙafa take son miƙewa, sirdin ya rufe saman allon kafaɗa, ga zafi. Kuma kare mai wayo, in ya ja da baya ya sunkuyar da kai, yana zare jikinsa daga ciki kamar mai tuɓe riga.

Mai ƙawanya a gaba, wadda aka yi don hana kare ja, ba ta wannan fagen ba ce sam. An ƙera ta ne don ta karkato da kare gefe in ya ja, alhali kai abin da kake nema shi ne ya ja da ƙarfi, a miƙe. Doguwar igiya a ƙawanyar gaba kuma hatsari ce, don kare mai gudu in ya kai ƙarshen igiyar juyawa zai yi ya faɗi a kan kafaɗa. Haka ita ma mai kama da shimi, wadda aka cika da soso da raga: ta ƙananan karnukan cikin ɗaki ce. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Jigawa, kare da haki yake fitar da zafin jikinsa, ba ya bukatar a lulluɓe masa ƙirji da katifa.

Akwai wadda ya kamata masu karnukan farauta su tsaya su duba da kyau, wato mai majayi biyu. Yawancin karnukanmu na karkara, musamman dogayen nan masu jinin karnukan Azawak na yankin Mali da Nijar, ƙirjinsu mai zurfi ne, ƙugunsu siriri, kansu kuma bai fi wuyansu kauri ba. Irin wannan jikin yana suɓucewa daga ɗamara mai majayi ɗaya. Majayi na biyu yana zama a bayan inda haƙarƙari ya fi faɗi, don haka ba yadda za a yi ta zame ta gaba. Web Master ta kamfanin Ruffwear haka take. Sharaɗi shi ne majayin na baya ya kwanta a kan haƙarƙarin ƙarshe, kada ya wuce zuwa lallausan ciki. Ta fi ɗaukar lokaci wajen sawa da tuɓewa, kuma a horon da za a tuɓe ɗamara sau goma a zama ɗaya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Karen da ba ya zillewa, mai gwafa ta ishe shi.

Batun mariƙi a baya, ra'ayi ya rabu. Yana sauƙaƙa riƙe kare kafin saki, amma mariƙin da ya tashi tsaye kamar hannun bokiti shi ne abu na farko da reshen magarya ko bakin ganga zai kama. Wanda ya kwanta luf a kan baya, da yatsu uku za su shiga da ƙyar, shi ne daidai. In babu, riƙe maɗaurin baya ma ya wadatar.

To a saya ne ko a ba da ɗinki? Ta kamfani mai kyau tana da wuraren ƙari da ragi guda huɗu, biyu a wuya biyu a majayi, abin da ke da amfani ga ɗan kwikwiyon da ke girma kullum. Amma haruffan S, M da L ba su da ma'ana ɗaya tsakanin kamfani da kamfani. Santimitar da aka rubuta ita ce abin dubawa, kuma mai sayarwa a Jumia ko Jiji da ya kasa faɗa maka zagayen ƙirji da santimita, ka wuce shi. Ɗinkin gida yana fin ta kanti zama a jiki in an kai wa mai ɗinkin awo na gaskiya, don karnukan Turai da aka yi wa awon kanti sun fi namu faɗin ƙirji da gajartar ƙafa. Shumeka ko mai gyaran jakunkuna ya fi tela dacewa, saboda zarensa da allurarsa. Kayan aikin ana samunsu wajen masu sayar da kayan takalma da jaka a kasuwar Ƙofar Wambai: bel ɗin nailan irin na hannun jakar makaranta, mai faɗin milimita 20 ga kare mai kilo 12 zuwa 20, milimita 25 ga wanda ya haura haka. Mita biyu da rabi ya ishi matsakaicin kare. Bel ɗin mota yana da ƙarfi amma faɗinsa ya kusa santimita 5, yana cin hammata, kuma in an tsaga shi gida biyu warwarewa yake yi.

Ƙawanyar da za a ɗaura igiya ta zama wadda aka yi wa walda. Zagaya ta da farce: in farcen ya faɗa cikin tsaga, wata rana za ta buɗe, kuma ranar da kare ya hango zomo ce. Maɓallin roba mai ƙaras, a juya bayansa a duba. Masu ƙarko galibi suna ɗauke da tambarin maƙeransu, irin su YKK, Duraflex ko ITW Nexus. Na banza yana bushewa a rana, ya karye a hunturu. Duk inda bel ya naɗe ƙawanya, a yi ɗinkin murabba'i da gicciye a cikinsa, ba layi ɗaya ba, a ƙona bakin bel ɗin da ashana, sannan a juya ƙonannen bakin waje, don yana da kaifi kamar ƙaya. A guji manne irin na takalmin yara da ake ɓarewa yana ƙara. Fita ɗaya cikin ƙarangiya ya cika shi, ba zai sake kamawa ba. Shafi mai gashi-gashi ma haka, ƙarangiya da kaska duk gidansu ne.

Fata fa? Baduku zai yi maka mai kyan gani, kuma ba ta zafi kamar baƙin nailan. Ƙirgi ake so a jikin ɗamarar, jar fatar akuya a yi shafin ciki da ita kawai, don ita kaɗai miƙewa take yi. Sai dai fata in ta jiƙe da damina tana saki, awo ya lalace, da hunturu kuma ta bushe ta tsattsage in ba ana shafa mata man kaɗe ba. Kada a shafa man shanu, kare zai tauna ta ya cinye.

Awo uku ake ɗauka da tef ɗin tela, kare yana tsaye a kan ƙafafu huɗu, ba a zaune ba. Na farko zagayen ƙirji, a inda ya fi faɗi bayan ƙafafun gaba. Na biyu zagayen gindin wuya, daga doron da ke tsakanin allunan kafaɗa zuwa ƙashin nan mai tsini a gaban ƙirji, ba can sama inda igiya ke zama ba. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, daga wannan ƙashin ta tsakanin ƙafafu zuwa inda majayi zai zauna. Shi ne ke hana gugar hammata. Majayi ya kasance bayan gwiwar ƙafar gaba da faɗin yatsu uku zuwa huɗu. In ya matso gaba, cikin mako guda gashin hammata zai zube, wajen ya yi ja ya fara ruwa. Ko'ina a ɗamarar yatsu biyu su shiga a kwance, uku kada su shiga.

Bayan an sa, a gwada kafin a biya, ko kafin a cire takardar jikinta. Ɗaga ƙafar gaba ka miƙa ta gaba da baya, ka ga ko maɗauri ya tokare. Ja ƙawanyar baya sama: bakin gwafa ya tsaya a kan ƙashi, kada ya hau wuya. Tsaya gabansa ka ja igiyar wajenka yana turjewa, in ɗamarar ta taho kan kunnuwa, zai zille a fili. Daga nan wani ya yi sassarfa da shi a kan rairayi mai laushi, sau ɗaya da ɗamara sau ɗaya babu, a kwatanta tazarar sawun. In sawun ya gajarce sosai, ko ɗamarar ta karkata gefe ɗaya, ba tasa ba ce. Ɗan kwikwiyo a sake auna shi duk mako biyu, kuma sandar tsallensa ta zauna a ƙasa ko dab da ƙasa har ya shekara, don ƙasusuwansa ba su gama haɗewa ba.

Ba a barin kare ya kwana da ɗamara, ba a kuma ɗaure shi da ita a turke, don da ya gaji zai juyo ya tauna maɗaurin ƙirji. Bayan kowane horo a bi hammata da ƙirji da yatsa a nemi kaska da ƙaya. A wanke ta da sabulu duk mako, a ɗauraye sosai, a rataye a igiya cikin rana tsaka. Kada a shanya ta a ƙasa ko a inuwa, don akwai ƙudan da ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen tsumma da rairayi mai fitsari, tsutsarsa ta huda fatar kare ta yi masa ƙurji mai ido, daidai inda majayi ke kwanciya.