Sabulun salo da Dove a hunturun Jos: wanne fata ta fi jurewa?

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, fata ce ke fara shan wuya a Jos. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, sanyinsa ya fi na yawancin garuruwan Arewa, kuma iskar hunturu tana zuwa ne a bushe, ta bar mutum da fari-fari a ƙwauri, da faso a dunduniya, da leɓe a tsage. A wannan lokaci jama'a kan kashe kuɗi sosai wajen sayen basilin da man kaɗanya, amma kaɗan ne ke waiwayar sabulun da suke wanka da shi, alhali shi ne ke kwashe maiƙon da daga baya ake ƙoƙarin mayarwa da man shafawa. Abubuwa uku na yi amfani da su a wannan sanyi domin in gwada: sabulun salo na curi da ake sayarwa a kasuwar Terminus, da Dudu-Osun wanda shi ma sabulun salo ne amma na kwali, da kuma farin Dove.

Biyun farko sabulu ne na gaskiya, wato mai da aka dafa da ruwan toka har ya rikiɗe. A ƙasar Yarabawa da Gana, inda sana'ar ta fi ƙarfi, ana ƙona ɓawon koko ko ɓawon agada, a tace tokar, a haɗa ruwanta da man alayyadi ko manja ko man kaɗanya, a yi ta juyawa a kan wuta. Tokar itatuwa tana ɗauke da sinadarin fotasiyam, shi ya sa sabulun salo yake da laushi har ana iya murza shi da yatsa, saɓanin sabulun masana'anta da ake dafawa da soda, wanda ke fitowa da tauri. Dudu-Osun, wanda kamfanin Tropical Naturals ke yi a Legas, wannan hanyar ya bi, sai dai an ƙara masa zuma da majigi da ruwan lemun tsami, an kuma matse shi ya zama dunƙule.

Dove daban yake tun daga tushe. Kamfanin Lever Brothers ne ya fito da shi a Amurka a shekarar 1957, kuma abin da ke wanke jiki a cikinsa yawanci ba dafaffen mai da toka ba ne, wani sinadarin wanki ne mai sanyi da ake sarrafawa daga man kwakwa da makamantansa, sannan a cakuɗa shi da kitse mai yawa, wanda shi ne kamfanin ke tallatawa da cewa kashi ɗaya cikin huɗu na dunƙulen man laushi ne. Irin wannan dunƙule masana fata suna kiransa sindet, kuma Sebamed na Jamus da Cetaphil duk a wannan layi suke. Asalin sinadaran wanki na haɗi yana komawa Jamus ne a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da kitse ya yi ƙaranci har aka rasa na yin sabulu. Dangantakar da ke tsakanin sindet da garin wanki, wanda shi ma da sinadaran haɗi ake yin sa, ba ta nufin ƙarfinsu ɗaya, domin na wanka an zaɓo masa mafi sauƙi ne a cikin dangin.

Bambancin da ya fi shafar mai wanka shi ne na tsami da kanwa. Akwai ma'aunin da ake kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, inda 7 take tsakiya, abin da ya gaza ta yana gefen tsami, abin da ya haura ta kuma yana gefen kanwa. Fatar mutum mai lafiya tana kusa da 5, wato tana da ɗan tsami, kuma wannan tsamin yana taimaka mata ta riƙe ruwa, ta kuma hana wasu ƙwayoyin cuta sakewa. Sabulu na gaskiya, komai tsaftarsa da kyawun man da aka yi shi da shi, yakan tsaya tsakanin 9 da 10, domin idan aka sauko da shi ƙasa sosai ya daina zama sabulu. Dunƙulen sindet kuwa ana iya tsayar da shi tsakanin 5.5 da 7. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa ta san yadda take kashe tsami nan take, kuma haka sabulu yake yi wa fata a kowane wanka. Fatar matashi mai lafiya takan farfaɗo cikin 'yan sa'o'i, amma ta dattijo, da ta jariri, da ta mai fama da bushewa da ƙaiƙayi, takan daɗe, musamman idan ga sanyin Jos, ga ruwan zafi da safe, ga alwala sau biyar da ke jiƙa hannu da ƙafa iska kuma ta busar.

A wajen wanka, sabulun salo ya yi abin da aka san shi da shi. Kumfarsa tana da yawa, yana cire maiƙo da datti fes, kuma wanda ya wuni a gareji ko a gona ko a bakin murhu ba zai sami kamarsa a wannan farashi ba. Amma bayan an goge jiki fuska takan ɗaure, ƙwauri ya yi fari tun kafin a kai ga kwalbar mai, kuma idan akwai ɗan tsagewa a hannu ana jin zafi. Na curi yana da wata matsalar ta daban, wato rashin tabbas: wani curin yakan zo da laushi, wani kuma tokarsa ta yi yawa har ta ci fata, kuma na taɓa samun wanda ke da ɓurɓushin gawayi da tsakuwa a ciki. Saboda haka bai kamata a goga curin kai tsaye a fuska ba, gara a murza shi a tafin hannu a shafa kumfar kawai. Na kwali ya fi daidaito, dunƙulen yau kamar na jiya ne, kuma an rubuta abin da ke cikinsa, sai dai shi ma sabulu ne, yana gefen kanwa kamar ɗan'uwansa.

Dove ba ya ɗaure fuska, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin sayensa a hunturu. Ƙorafin da na fi ji daga mutane shi ne wai ba ya fita daga jiki, ana ta zuba ruwa amma santsi na nan. A ganina wannan ƙorafi ya samo asali ne daga sabo, domin mun taso muna ɗaukar cewa sai fata ta yi ƙarar gogewa a ƙarƙashin yatsa sannan ta fita, alhali wannan ƙarar alama ce ta cewa an kwashe maiƙon jiki gaba ɗaya. Santsin da ya rage kitsen da aka sa a dunƙulen ne, ba datti ba. Inda ya gaza shi ne aljihu, domin kuɗinsa ya ninka na sabulun salo, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan da ake shigowa da su suka ƙara nisa da talaka. Ga gidan da ke da yara da yawa, wanka da shi kullum daga kai zuwa ƙafa ba ƙaramin nauyi ba ne. Yana kuma saurin narkewa idan aka bar shi cikin ruwa, ko da yake a nan sabulun salo ya fi shi, don shi yakan zama kamar kunu idan ya kwana a jiƙe. Duka biyun suna bukatar mazubi mai huji a ƙasa. Wanda turare ke tayar masa da ƙuraje kuma ya nemi nau'in Dove da ba shi da ƙamshi.

Abin da na tsaya a kai shi ne a raba musu aiki. A watannin sanyi, fuska da wuya da hannu, da jikin yara ƙanana da na tsofaffi, sun fi dacewa da Dove ko wani sindet, kuma idan an keɓe shi ga waɗannan wurare dunƙule ɗaya zai yi nisa. Sabulun salo ya tsaya a hammata da ƙafa da duk inda gumi ke taruwa, sannan idan zafin Maris da Afrilu ya shigo mai fata mai maiƙo yana iya komawa gare shi gaba ɗaya. Ko da wanne aka yi wanka, soson raga mai kaushi da ruwan da ya yi zafi ƙwarai suna iya ɓata duk ribar da aka samu, kuma man shafawa ya fi kama jiki idan aka shafa shi fata tana da sauran danshi.

Akwai nau'i guda da ban sa a gwajin ba, kuma ba na ba kowa shawarar sa shi, wato sabulun salo na haɗi da ake sayarwa a robobi marasa suna, musamman wajen gyaran jikin amare, da alƙawarin haske cikin mako guda. Zuma da majigi da kurkum ba sa sauya launin mutum cikin mako, saboda haka idan sabulu ya yi hakan, akwai yiwuwar an zuba masa man bilicin ko maganin da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, kuma waɗannan suna sirantar da fata, wasu masu ɗauke da sinadarin makuri har ƙoda suke taɓawa. Wanda zai sayi na kwali ya duba lambar rajistar NAFDAC da jerin kayan haɗi, wanda zai sayi na curi kuma ya nemi tsagwaronsa wanda ba a ƙara masa komai ba. Makero da ƙazuwa da ƙyasfi kuwa ba sabulu ke warkar da su ba, na gargajiya ne ko na kanti, maganinsu yana asibiti.