Abincinsu ya yi, amma ku karanta takardar kuɗi kafin ku danna komai

Abincin gidan cin abincin da muka je a Houston dai ba ni da ta cewa. Gasasshen naman ragon ya yi laushi, kuma halal ne, abin da ya kai mu ke nan, don Kawu da ya zo Houston ganin likita ba ya cin naman da bai yarda da yankansa ba. Abin da ya faru wajen biyan kuɗi ne ya tsaya mini a rai.

Mu bakwai ne a tebur. Wanda ke zaune a Amurka ya san farashin da ke jikin takardar abinci ba shi ne ƙarshe ba. Sai an ɗora haraji, kashi 8.25 cikin ɗari a nan, sannan tukuicin mai hidima, wanda yanzu kashi 18 zuwa 20 ne ake ganin ya dace. Wannan bai taɓa damuna ba. A Texas doka ta yarda a biya mai kawo abinci dala 2.13 a awa, adadin da gwamnatin tarayya ba ta ɗaga ba tun 1991, da sharaɗin tukuici ya cike zuwa dala 7.25. Duk wanda ya ci ya tashi bai bar komai ba, guminta ya ci.

Yarinyar da ke mana hidima ta kawo na'urar kati, ga zaɓin tukuici uku a fuskar na'urar: kashi 18, 20, 25. Na kai yatsa zan danna 20 sai ta sunkuyo, ta yi ƙasa da murya yadda baƙina ba za su ji ba, ta ce, "Yallaɓai, an riga an saka kashi 18, tun da kun kai mutum shida." Ta nuna mini layin da bakin biro. Da ta yi shiru, aljihunta kuɗin za su shiga, babu mai sani. Ita ce kuma tun shigarmu ta lura Kawu ba ya taɓa ruwan ƙanƙara, ta canza masa da mai ɗumi ba tare da an roƙa ba. Da na fassara masa abin da ta faɗa, ya ce, "Ɗana, wannan daga gidan tarbiyya ta fito, ƙara mata." Na ba ta a hannu, don wancan kashi 18 na dole, a dokar Amurka, kuɗin gidan ne, sai abin da mai gidan ya ga dama ya raba wa ma'aikata.

To amma masu wurin sun ɓata mini rai. Don me na'ura za ta sake neman tukuici bayan an riga an cire? Sanarwar ma can ƙasan takardar abinci suka maƙale ta da ƙananan baƙaƙe. A Birtaniya, tun Oktoban 2024 doka ta tilasta a miƙa wa ma'aikata irin wannan kuɗin gaba ɗaya.

Sannan an ajiye mana takardar kuɗi Kawu bai gama shan shayi ba. Na san al'adar nan ce, ba kora ba ce, amma dattijo ya ajiye kofi ya fara neman sandarsa, kuma hakan ya yi mini ciwo.

Zan koma saboda naman da yarinyar nan. Taron iyali kuwa, wani wurin zan nema.