Wane Asterix za ka fara saya?

Toh masu son sayen littattafan zanen nan na Asterix, wato labarin wani ɗan guntun jarumin ƙauye a Faransa ta zamanin Romawa, ku duba bango da kyau kafin ku fidda kuɗi, don ba duk wanda aka ga sunan Uderzo a kai ba ne ɗaya. Albert Uderzo dai shi ne mai zanen, kuma sunan da aikinsa ya yi a Faransa ba na wasa ba ne, kai har tauraron ɗan'adam na farko da ƙasar ta harba a 1965 Asterix aka raɗa masa, ga kuma wani ƙaton wurin wasa mai wannan sunan da aka buɗe kusa da Paris a 1989, an fassara littattafan zuwa harsuna sama da 100. Amma fa labarin ba shi ke rubutawa ba da farko, abokinsa René Goscinny ne, tun da suka fara a mujallar Pilote a 1959.

Guda 24 na farko su biyun suka yi tare, kuma gaskiya ni a nan nake ganin man yake, barkwancin na da kaifi, ana tsokanar Romawa da Turawan Ingila da Faransawan kansu. In ɗaya kawai za ka iya saya, ɗauki na Kiliyofatira sarauniyar Masar wanda ya fito 1965. Na farkon farko na 1961 kam hannun Uderzo bai gama faɗawa ba, Obelix abokin Asterix ma bai yi ƙibar da aka san shi da ita ba.

Bayan Goscinny ya rasu a 1977 sai Uderzo ya haɗa rubutu da zane shi kaɗai. Zane kam sai dai a ce masha Allah, amma labarin wani ya yi armashi wani lami, musamman na 2005 da ya jajibo wasu halittu daga sararin samaniya, masoyansa da yawa sun yi ta ƙorafi. Daga 2013 kuma Didier Conrad ke zanawa, ba laifi, amma a bar su sai daga baya.

Sai batun harshe. 'Yan Nijar ku da Faransanci ya zauna muku ku nemi na asali, wasan kalmomin can ya fi daɗi. Mu na Najeriya fassarar Anthea Bell da Derek Hockridge ta Ingilishi ta wadatar, illa dai an canja sunaye, Panoramix bokan ƙauyen su Asterix ya koma Getafix. Akwai mai littafi uku a haɗe cikin bango ɗaya, yawanci ya fi sauƙi a aljihu.

In yara za ka saya wa, ka sani mutanen ƙauyen nan aladen daji suke gasawa kusan ƙarshen kowane labari, sannan akwai wani baƙar fata cikin 'yan fashin teku da aka zana da manyan leɓɓa jajaye irin zanen raini na da, gara kai ka fara karantawa tukuna.