Sharhi kan gasasshen yumɓun da ake sayarwa don dasa bado a tukunya

Masu sayar da kayan lambu suna kawo wata ƙasa cikin buhu wadda aka ce an tanade ta musamman domin shuke-shuken ruwa, kuma da ita na dasa bado a ƙaramin tafkin siminti da ke farfajiyar gidana, na lura da shi tun daga bazara har ƙarshen damina. A daidai wannan lokaci na dasa wani badon a cikin lakar fadama, a tafkin guda, domin in ga bambanci. Hukuncina shi ne ƙasar buhun tana da tsabta da nauyi, amma ba ta ciyar da shuka, kuma wanda yake iya samun laka mai kyau ba shi da wata babbar buƙata da ita.

Abin da ke cikin buhun yumɓu ne da aka gasa da wuta aka farfasa shi ƙanana, girmansa bai wuce na ƙwayar dawa da yawa ba. Tun da an gasa shi, ba ya narkewa ya koma taɓo, saboda haka da na ɗauraye ƙurarsa na saukar da tukunyar, ruwan bai gurɓace ba ko kaɗan. A nan ya yi wa ƙasar furanni ta yau da kullum fintinkau, domin ita wannan cike take da zaren ɓawon kwakwa, da ɓawon itace, da wasu fararen ƙwayoyi marasa nauyi, waɗanda duk suke tasowa saman ruwa da zarar an nutsar da su, abin da ya rage kuma ya ruɓe ya yi wari. Duk mai shakka ya zuba hannu guda a bokitin ruwa ya gani da idonsa.

Matsalar ta bayyana ne bayan shukar ta kama. Bado yana da ci ƙwarai, kuma duk wanda ya san inda yake fitowa da kansa, kamar dausayin Haɗeja da Nguru ko tafkunan da damina ke cikawa a karkara, ya san cewa saiwarsa a cikin baƙar laka mai danƙo take kafewa, wadda ta tara abincin shuka shekara da shekaru. Gasasshen yumɓu ba shi da komai na wannan. Ganyen badon da ke cikinsa sun fito ƙanana, tsofaffin suna saurin yin rawaya, furen kuma jefi-jefi, alhali na cikin laka ya shimfiɗa faffaɗan ganye yana buɗe farin furensa da dare, ya rufe da hantsi, ɗaya na bin ɗaya. Da na ƙara takin zamani shukar ta farfaɗo, sai dai akwai kafofi da yawa tsakanin ƙwayoyin yumɓun, ruwa yana ratsa su yadda ya ga dama, don haka wani kaso na takin ya tsere cikin tafkin, gansakuka ta samu abin da take so ta mamaye bango. Haka kuma ƙwayoyin ba sa riƙe tushe da ƙarfi a farkon dashe, sai da na danne shi da dutse kafin saiwoyi su kama.

Ita laka ba ta da wannan aibi, domin ana iya cura ƙaramin cokali guda na takin NPK 15-15-15 a cikin dunƙulenta, a bar shi ya bushe, a cusa shi can ƙasan tukunya nesa da tushe, ya riƙa saki a hankali. Amma ba kowace laka ce ta dace ba. Wadda aka ɗebo daga gonar shinkafar da ake fesa wa maganin ciyawa, ko daga kududdufin cikin gari da kwata ke zuba a ciki, hatsari ce ga shukar da kifin duka. Zallar yumɓun magina tukwane kuma yana toshewa ya hana saiwa ratsawa. Abin da ya yi mini daidai shi ne kashi biyu na lakar fadama da kashi ɗaya na ƙasar lambu, an shanya an tsince saiwoyin ciyawa, ba tare da ɗanyen takin dabbobi ba, wanda yake ruɓewa a cikin ruwa. Ƙasar da ta dace, idan aka jiƙa ta aka matse a hannu, takan dunƙule ba ta wargaje ba. A kan tukunyar, wadda ya kamata ta fi faɗi a kan zurfi, na zuba wankakkiyar tsakuwa kaurin santimita 2 zuwa 3, na bar tohon a buɗe, sannan na saukar da ita sannu a hankali har ruwa ya rufe ta da kamar santimita 30, a wurin da rana ke samu aƙalla sa'o'i 6 a yini. Ruwan ya ɗan gurɓace, ya kwanta da kansa.

Duk da haka akwai waɗanda kayan buhun zai yi wa rana. Mai ƙaramin baho a saman bene, ko mai kiwon karfasa da kifin ado masu yawan tono, zai fi samun ruwa garau da shi, muddin zai jure ba shi taki kaɗan-kaɗan a kai a kai, ya kuma rage a lokacin hunturu sa'ad da girman shukar yake ja baya. Ni yanzu abin da ya rage a buhun ina shimfiɗa shi ne a saman laka a madadin tsakuwa, kuma a wannan aikin ban same shi da laifi ba, sai dai tsadarsa, ganin cewa tsakuwa ba ta da wuyar samu.